Kwalbar Mushe Mani

Mijina da yayana sun shekara goma sha ɗaya suna gardama guda, kuma ni ce mai dama furar da suke jiƙa maƙogwaro da ita. Mijin nawa shi ne Mani, wanda duk ƙauyenmu, can gabas da Ɗan Kassari, ake kira Mushe, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, saboda ya koyar a lakwal, makarantar boko, har ya aje aiki. Yayana kuwa Malam Ya'u ne, limamin Juma'a. Kullum bayan la'asar sai su haɗu a gindin itacen bedin da ke ƙofar gidanmu, maza su kewaye su kamar ana dambe, a ɗauko zancen daga inda aka aje shi jiya.

Kada wani ya ce Mushe ba ya salla. Sahun gaba yake tsayawa, bayan yayan nawa ma. Abin da yake cewa kawai shi ne Allah bai ba mutum kai don ɗora hula kaɗai ba. Malam kuma ya ce ai yawan aiki da kai ne ya kai Iblis inda yake yau. Daga nan sai a hau, har a kira magariba ba a sauka ba.

Tushen fitinar wata roba ce mai bakin mazurari, kafe bisa sanda a bayan gidanmu. Ma'aikatan gona na garin Dutsi suka ba shi ita don ya riƙa auna ruwan sama. Mutane suka sa mata suna kwalbar Mushe. In an yi ruwa, da ƙarfe takwas na safe zai sa tabarau ya duba, ya rubuta cikin kaye, wato littafinsa na rubutu, ya buga waya, da rana a ji sunan ƙauyenmu a radiyo. Ko ranar da na haifa masa ɗan fari ban ga fuskarsa ta yi irin hasken da take yi in an faɗi sunan nan ba.

"Mushe, wa ka kawo ruwa?" in ji Malam.

"Allah."

"To mi ag gardama?"

"Gardama ita ce, in Ya kawo, nawa Yak kawo? Kai ba ka sani ba, ni na sani."

"Rahamar Ubangiji kaka aunawa da roba?"

"Zakka da mi kaka aunawa, Liman? Ba da tiya ba?"

Sai a kwashe da dariya, Malam ya yi ta'awizi, Mushe ya gyara zama. Ni kuwa in kwashe ƙwarya in koma ciki, don ba a taɓa tambayata ba.

Bara waccan damina ta yi jinkiri, ga wadda ta gabace ta ba ta yi kyau ba. Rumbu ya yi ƙasa. Irin da ya rage mana tiya shida ne na hatsi, na gandu da na gamanata, 'yar gonata ta kaina, duka, kuma in suka tafi ba mu da wasu. Mushe ya ɗaure su cikin buhu, ya kulle a ɗakinsa, makulli a aljihu. Ya kafa doka cewa ba za a zuba ƙwaya ɗaya a ƙasa ba sai kwalba ta nuna milimita ashirin.

Malam ya fito da gari roƙon ruwa. Aka juya riguna bai-bai, aka yi sadakar gumba, tsofaffi suka yi kuka. Kwana huɗu bayan haka aka yi ɗan yayyafi. Malam ya ce an amsa, wanda bai yi shuka ba yana shakkar Mai bayarwa. Mushe ya ce milimita bakwai ne kawai. Rabin gari suka bi Malam suka ɗauki sungumi, rabi suka bi Mushe suka zauna. Shukar ta tsiro, rana ta gasa ta. Mushe ya yi mako guda yana tafiya hannu a baya yana gaida mutane da fara'ar da ba su roƙa ba.

Aka sake roƙo, aka sake yayyafi, mutanen Malam suka sake shuka. Lokaci yana tafiya, kowa ya san hatsin da aka shuka a makare ruwa kan ɗauke ya bar shi da ciki. Ni ce ke shan ta a bakin rijiya.

"Zalihatu, har yanzu kwalba ba ta ba ku izini ba?"

"Ku tambayat ta, ko sai an yanka mata zakara."

Ina murmushin dole. Ga gamanata fili fetal, ga iri kulle a ɗaki, ga namiji zaune yana jiran roba ta yi magana.

Wata safiya ta Laraba, dab da asuba, aka yi ruwa mai ɗan ƙarfi, da iska da tsawa, amma bai daɗe ba. Mushe ya tafi masallaci. Na fita bayan gida na tona ƙasa da hannu. Uwata ta koya mini tun ina ƙarama cewa in danshi bai kai wuyan hannu ba, a bar iri inda yake. Danshin ya tsaya a yatsu huɗu. Na sani sarai bai isa ba, ba zan ɓoye ba. Amma na gaji. Na ɗauko buta na tuttula a cikin kwalbar. Ban iya karanta lambobin jikinta ba, sai na zuba har na ga ya yi kama da ruwan kirki, kuma ashe hannuna ya yi nauyi.

Ƙarfe takwas Mushe ya sa tabarau. Ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Ya kalli tsakar gida, inda ko kaza ba za ta sami abin tsoma baki ba. Ya kalli kwalba. Mutumin da ya shekara talatin yana koya wa 'ya'yan mutane kada su yarda da abu sai sun bincika, ya zaɓi roba ya bar idonsa.

"Talatin da huɗu!" ya yi ihu. "Zalihatu, ɗauko buhu!"

Da rana radiyo ta faɗa. Ƙauyenmu talatin da huɗu, Tungar Nuhu kuwa, wadda muke jin carar zakarunta, tara. Da la'asar gindin bedi ya cika har da masu tsayuwa. Malam Ya'u ya zo da sabon rawani.

"Yau kwalbarka da kanta ta yi shahada," ya ce. "Mu munka hita roƙo, Tunga ba su hita ba. Mu talatin da huɗu, su tara. Ashirin da biyar ɗin nan na tsakani, Mushe, daga ina sunka hito?"

Mushe ya karyo tsinke ya durƙusa. Ya zana hadari a ƙasa, ya zana iska mai zafi tana hawa, ya bayyana yadda gajimare ɗaya kan juye kansa bisa gari ɗaya ya tsallake maƙwabci. Har suna ya faɗa na abin da Faransanci. Ranar Juma'a Malam ya hau mumbari ya yi huɗuba guda kan ashirin da biyar ɗin nan, mutane suna kabbara. Ina bayan danga ina jin manyan masanan garinmu biyu suna fassara ruwan butata, ɗaya da aya, ɗaya da tsinke. Na yi dariya har na riƙe ciki, kuma ita ce dariyata ta ƙarshe a wannan wata.

Gida arba'in da ke jiran Mushe suka bi mu gona. Tiya shidanmu suka shige ƙasa a yini biyu. Hatsi ya tsiro kore shar. Daga nan sama ta rufe bakinta kwana goma sha tara. Kullum da safe in je gamana in ga tsiron yana nannaɗewa, har ya zama kamar zaren da aka ƙona. Na mutanen Malam ma ya bi. Garin nan kaf babu wanda ya rage da irin tiya ɗaya.

Malam ya shiga neman wanda zunubinsa ya tsare ruwa. Juma'ar farko 'yan mata masu waya ne. Ta biyu tsohuwa Husaina ce, mai bori da ke kiran aljana doguwa a bayan gari, har yara suka jefi ɗakinta aka daina sayen daddawarta. Mushe kuwa yakan zauna gaban kaye yana lissafi, don a ilminsa talatin da huɗu ya kamata ya riƙe shuka fiye da haka. Ban taɓa jin tausayin mutum da haushinsa lokaci ɗaya kamar ranakun nan ba.

Sai labari ya zo cewa an kawo irin taimako, mai nuna cikin kwana saba'in. Buhunan ba su da yawa, don haka aka fara da garuruwan da takarda ta nuna ruwansu ya fi ƙaranci. Muna tsaye muka ga amalanken jakai sun wuce mu sun nufi Tungar Nuhu. Maigari ya je Dutsi ya dawo, ya ce an buɗe masa takarda an nuna masa, mu muna cikin masu albarka.

A ranar na kira su biyun cikin gida na rufe ƙofar zaure. Na faɗa musu komai, buta da yatsu huɗu da duka.

Malam ne ya fara samun bakinsa. "Ke, ruhe bakinki! Ni na hwaɗi magana bisa mumbari, gaban jama'a. Kina so a ce liman ya yi huɗuba kan ruwan alwala?" Ya ja carbi, ya ɗan yi tunani, sai fuskarsa ta saki. "Kuma ko butar, wa yas sa ki ɗauka? Ai komi da ikon Allah."

"To Yaya, iri hwa?"

"Mu ci gaba da addu'a."

Mushe bai ɗago kai ba. Can ya ce, a hankali, "Nawa kinka zuba?"

"Ban auna ba."

Wallahi na ga wannan ya fi yi masa ciwo bisa zubawar kanta. Ya tashi ya shiga ɗaki, bai ci tuwo ba.

Washegari da safe ya sa tsohon kwat ɗinsa na lakwal, ya ɗauki kaye, ya hau bayan babur ɗin Naziru ɗan kabu-kabu suka nufi Dutsi. Na yini ina jiran a zo a kira ni. Da yamma ya dawo babu kaye a hannunsa. Bayan kwana biyu wani saurayi daga ofishin ma'aikatan gona ya zo ya tumɓuke sandar kwalba, ya kai ta gidan likita ya kafa. Bayan kwana huɗu amalanke uku suka shigo gari da buhunan iri, kowane gida tiya biyar.

Daga bakin Naziru gari ya ji abin da ya faru. Wai Mushe ya tsaya gaban ma'aikacin gona mai riƙe da takardun ruwa, wanda shi ya koya masa karatu yana yaro, ya ce idonsa ya tsufa, tara ya gani ya karanta talatin da huɗu. Ya sa hannu a takarda cewa kuskurensa ne shi kaɗai.

Mutane kuwa ba su raga masa ba. Waɗanda suka zuba irinsu saboda maganarsa suka daina amsa sallamarsa. Yara suka sa masa Mushe Makaho. Da la'asar ya fita gindin bedi kamar kullum, na bi shi da ƙwarya. Malam Ya'u yana zaune tsakiyar jama'a.

"Kun dai ga ƙarshen mai dogara ga roba," ya ce. "Mu da munka dogara ga Allah, ga iri ya zo har ƙohwar gida. Allah Shi ƙara shirya mu."

Ya faɗi haka ne yana kallon ƙasa, don ya san ina tsaye. Aka juya ana jiran Mushe ya mayar, kamar yadda ya saba shekara goma sha ɗaya. Ya shafa fuska ya ce amin.

Hadari ya haɗo kafin magariba, aka yi ruwa na gaske, irin wanda ba ya bukatar shaida. Muna zaune a bakin ɗaki muna kallonsa, na kasa haƙuri.

"Mushe, don mi ba ka ce ni ce ba? Kai da ba ka taɓa ƙarya kan lamba ba."



"Na yi lissahi," ya ce. "In na ce ke ce, kahin Juma'a an gano wadda ta tsare ruwa. Kuma yayanki da bakinai za shi hwaɗi, don ba shi da wata mahita. Kin ga abin da anka yi ma Husaina, ita da ba ta taɓa komi ba. Makaho dariya kawai aka yi mai."

Na fashe da kuka, irin wanda ban yi ba tun rasuwar uwata. Bai rarrashe ni ba, bai kuma ce ya yafe ba. Ya miƙe ya jawo buhun iri daga inda ɗaki ke yoyo, ya ce in tashe shi da wuri, gobe akwai shuka.