Bakinta Daban, Hannunta Daban

Tun ranar da aka haifi jikarta, tambaya ɗaya ta hana Kaka sakat: wa zai koya wa yarinyar nan magana? Surukarta tela ce, mace mai fara'a, amma tun haihuwa ba ta ji, da hannu take zance. Ɗan Kaka kuwa direban motar asibiti ne, in ya fita da safe sai yamma lis. Don haka Kaka ta ɗaure kayanta ta tare a gidansu da ke saman bene, duk da gwiwoyinta ba sa ga maciji da matakala.

"Inna, ki kwantar da hankalinki," in ji ɗan nata. "Likita ta ce kan yaro yana ɗaukar yare biyu bai ma san ya ɗauka ba."

"Likitar ce za ta riƙa yi mata tafinta in ta girma? Ni dai bakina ba zai huta ba."

Bai kuwa huta ba. Ana wanka Kaka na surutu, ana shafa mai tana waƙa. Ƙawalliya take kiran jaririyar, har sunan ya bi ta.

Wata rana, kafin yarinyar ta fara rarrafe, Kaka ta ga ta ɗaga hannuwanta tana buɗe yatsu tana rufewa, tana juya su a gaban ƙirji, ta tsaya, ta sake. Surukar ta tsayar da keken ɗinki, ta yi ta dariya har da hawaye. Da yamma Kaka ta tare ɗanta a bakin ƙofa.

"Me ta ce da uwar tata?"

Ya tambayi matarsa da hannu, ya juyo. "Ba ta ce komai ba, Inna. Gwaranci ne. Yadda take miki ba-ba-ba da baki, haka take wa uwarta da hannu."

Kaka ta daɗe tana jujjuya maganar. Ashe hannu ma yana gwaranci.

Kafin ta cika shekara uku, Ƙawalliya ta zama aku. In ta juyo wajen Kaka baki ne ke aiki, in ta juya wajen uwarta sai yatsu su karɓa, ba ta taɓa rikita su ba, kuma ba wanda ya zaunar da ita ya ce ga na wance, ga na wance. Ita ma Kaka, yawan zama kusa da keken ɗinki tana tsinke zare ya sa ta tsinci 'yan alamomi: ruwa, barci, kyanwa, ni, ke, a'a. Ba ta dai taɓa gwadawa ba, tana jin kunyar yatsunta da suka sandare.

Ran nan da hantsi sai Kaka ta ji ƙarar fashewar tangaran daga kicin. Ta taɓa kafaɗar surukarta, suka nufi can tare. Ga kofin shayin Kaka a ƙasa ya yi kwatsa-kwatsa, ga kujera an jawo ta jikin kanta, ga Ƙawalliya tsaye da sukari a gefen baki. Kyanwar gidan tana kwance a taga, ko a jikinta.

Uwar ta ɗauke yarinyar daga cikin fasassun, ta duba tafin ƙafarta, ta dire ta a bakin ƙofa.

"Ƙawalliya, wa ya fasa mini kofi?" in ji Kaka.

Yarinyar ta ɗago ido, fuska kamar ta salihai. "Kyanwa ce, Kaka. Ta yi tsalle, sai ya faɗi."

Bakinta na faɗin haka, hannuwanta a ƙasa, ta gefen da uwarta take, suna nasu zancen. Ta nuna ƙirjinta. Ta yi alamar sukari a leɓe. Ta nuna Kaka da ɗan yatsa a ɓoye, ta yi alamar a'a.

Kaka ta gane zancen hannun tsaf. Ni ce, ina neman sukari, kar ki gaya wa Kaka. A numfashi ɗaya yarinyar ta ba mutum biyu labari biyu. Ta san uwarta ba za ta ji ƙaryar ba, ta kuma ɗauka Kaka ba za ta karanta gaskiyar ba. Wannan ɗan kan, da Kaka ke rufewa da tafin hannu ɗaya in tana mata wanka, ya auna abin da ke cikin kan kowannensu ya raba musu magana.

Kaka ta ɗaga hannuwanta a hankali. Ta yi alamar kyanwa, ta yi a'a. Sannan ta nuna yarinyar: ke.

Ƙawalliya ta zaro ido, ta saki baki. Surukar ta dafe ƙirji tana kallon Kaka, don tun da suke tare, yau ne tsohuwar ta fara magana da yarenta.

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta tsaya tana nazarin Kaka daga sama har ƙasa. Can sai ta kama zanen uwarta ta ja ta gefe, ta juya wa Kaka baya, ta tattara hannuwanta a jikin cikinta, ta ci gaba da zance da ƙananan motsi, yadda uwar kaɗai za ta gani.

Raɗa take yi.

Kaka ta laluba kujerar da aka jawo ta zauna. "Ikon Allah," ta ce, ba ta san ma a fili ta faɗa ba. Surukar ta leƙo ta saman kan yarinyar tana danne dariya, ta yi wa Kaka wata alama da ba ta sani ba. Kaka ta kwaikwaya, ta yi ba daidai ba. Surukar ta matso, ta kama yatsun ta gyara mata su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗauko tsintsiya.