Sa'o'in Biro

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. A aji huɗu na firamare karatuna ya tsaya, kuma rubutu mai tsawo na ƙarshe da na yi shi ya jawo aka zubar da jini a falonmu. Amma tunda da biro abin ya fara, bari in faɗe shi da biro.

Sunana Halima Sa'adiya, Sa'a ake ce mini. Maigidana, Nafi'u, matuƙin jirgin sama ne. A shekarar 2007 muna zaune a unguwar Abu Hail a ƙasar Larabawa, an ba mu ɗaki ɗaya a filat ɗin yayansa Dikko, mai harkar kago, wato safarar kaya, a unguwar Deira. Maigidana ya gama makarantar tuƙi, yana da lasin, amma tun watan Fabrairu bai sake tashi ba, saboda jinyar mahaifiyarsu da muka je Katsina, har Allah ya karɓe ta.

Yana da wani baƙin littafi da yake ajiyewa a ƙasan akwati. Kowane tashi layi ɗaya ne a ciki: rana, lambar jirgi, da yawan sa'o'in da ya yi a sama. Ya taɓa nuna mini shi muna amarci. Ya ce, "Wannan ba a goge shi, ba a yage shi. In an yi kuskure, layi ɗaya ake ja a kai yadda za a iya karanta na ƙasa, sai wanda ya yi kuskuren ya sa hannu a gefe." Sa'o'insa ɗari biyu da tamanin ne.

Aiki biyu suka zo masa a wata guda. Wata makaranta a wajen garin Ras al-Khaima tana son ya koyar da ɗalibai a ƙaramin jirgi mai kujera biyu. Wani kamfani kuma mai ɗaukar fasinja tsakanin garuruwan ƙasashenmu yana neman matuƙa ta hannun wani dillali a Deira, sai dai ba ya ɗaukar wanda bai kai sa'a ɗari biyar ba. Maigidana ya ce zai yi koyarwa shekara ɗaya, sa'o'in su cika da kansu.

Yaya Dikko bai so ba. Ya riga ya gaya wa kowa a kasuwa da gida cewa ƙanensa kyaftin ne.

"Malamin 'yan lana," in ji shi a kan abinci. "A jirgin da bai kai akwalar tasi ba. Wani ɗan Balarabe ya riƙe sitiyari yana rawar hannu, kai kana gefe kana Ayatul Kursiyyu."

Da maigidana ya tafi kwas na kwana uku a makarantar, Yaya ya kira ni falo. Ban taɓa zama kusa da shi haka ba. Ya ajiye baƙin littafin da wasu takardu huɗu da dillalin ya ba shi.

"Sa'a, rubutunki ya fi nawa kyau. Kwafe waɗannan a nan, layi bayan layi. Ayyukansa ne da bai samu sukunin shigarwa ba." Ya yi dariya. "Sa'a ce za ta ba shi sa'o'i."

Ba na jin Turanci. Zana haruffan na yi kamar yadda ake zana lalle. Kwana uku ina yi, layi saba'in da huɗu, ina murna ina taimakon mijina. Na tuna maganar da ya yi mini a kan littafin, sai na ƙara kula don kada in yi kuskure ko ɗaya.

Ranar Juma'a ya dawo. Washegari Asabar ne babban malamin makarantar zai duba littafin kafin a ba shi aikin. Bayan an sauko daga masallaci na kawo shinkafa da miya a faranti, matar Yaya, Hadijatu, tana kicin. Yaya ya tura masa littafin a kan tebur.

"Ɗari biyar da biyu, habibi. Hatimi kawai ya rage, dillalin zai sa a buga gobe. Khalas, shi ke nan."

Maigidana ya buɗe. Ya juya shafi, ya sake juyawa. Ya ɗago ya dube ni, don ya san hannuna. Daga nan ya ɗora yatsa a kan wani layi.

"Yaya, sha ɗaya ga watan Yuni."

"Sai aka yi yaya?"

"Ranar da muka binne Inna. Kai kana gaban makara, ni ina baya. A nan an ce ina sama, sa'a uku da rabi."

"Wa zai duba wannan?"

"Ni na duba. In suka gano, lasin ɗina ya tafi har abada. In ba su gano ba, zan ɗauki mutum hamsin da sa'o'in biro. Ka sa matata ta rubuta ƙarya a kan kabarin uwarmu."

Marin da Yaya ya yi masa ya yi ƙara kamar an fasa leda. Yaya ya miƙe har tebur ya kife, miya ta watsu a bango, farantin ya yi ta juyawa a ƙasa.

"Ni kake gaya wa uwarmu? Ni da na goya ka?"

Ya sake marinsa, sannan ya dunƙule hannu. Maigidana bai rama ba. Ya sa hannu biyu ya rufe idanunsa, yana cewa, "Yaya, ban da ido. Ka daki ko'ina, ban da ido." Matuƙi in idonsa ya samu matsala, likita ba ya barinsa ya tashi. Yaya ya san haka, kuma can ya nufa. Ya fizge hannun, ya sauke masa naushi a idon hagu. Zoben azurfarsa ya tsaga girar, jini ya gangaro ya jiƙa farar jallabiyar Juma'a.

Hadijatu ta fito da ludayi a hannu tana salati. Ni na manne da bango.

"Tunda littafin ne ubanka," in ji Yaya yana haki, "bari mu ga abin da za ka nuna wa malaman naka." Ya tsince shi daga cikin shinkafa, ya kama bangon biyu zai raba.

A nan ne na ga abin da ban taɓa zato ba. Maigidana ya daki yayansa. Da ka ya tunkuye shi a baki, suka faɗa kan kabad ɗin gilashi, kofuna suka zubo musu a ka. Suka yi ta birgima a cikin fasassun kwalabe, wannan ya shaƙe wuyan wannan. Na ji haƙorin Yaya ya faɗi a kan tayil. Littafin ya kuɓuce, ya silalo har gaban ƙafata.

Yaya ya ture shi ya tashi, bakinsa jajir. A bayan ƙofa akwai igiyar ɗaure kago, irin mai ƙugiyar ƙarfe a baki. Ya ɗauko ta ya naɗe a hannu.

"Ba ni littafin, Sa'a."

Ban taɓa yi masa musu ba, ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba. Na durƙusa na kwanta a kan littafin.

Yaya ya kai duka da igiyar; ina jin maigidana yake nufi, don ya taso zai shiga tsakani. Amma ƙugiyar a bayan hannuna na dama ta sauka. Na ji ƙashin ya amsa har cikin haƙorana. Ban yi ihu ba, numfashina ne ya ɗauke.

Yaya ya dubi igiyar kamar wani ne ya sa masa ita a hannu. Maƙwabcinmu ɗan Masar yana dukan ƙofa yana cewa zai kira shurta, 'yan sanda ke nan, kuma kowa a ɗakin ya san abin da hakan zai yi wa bizarmu. Hadijatu ta leƙa ta ba shi haƙuri da guntun Larabcinta. Yaya ya tofar da jini, ya ɗauki makullin mota ya fita ba takalmi.

Kafin magariba mun dawo daga wani ƙaramin asibiti. Ɗinki huɗu aka yi wa maigidana a gira. Likitan ya ce ƙwayar idon ba ta taɓu ba, kumburi ne. Hannuna bai karye ba, amma ya yi kamar burodi. Mun ce musu kabad ne ya faɗo mana.

A ɗaki ya zauna a bakin gado, littafin a cinyarsa, da busasshiyar miya a bangonsa.

"Ki yafe mini," ya ce. "Ba ki sani ba."

"Gobe fa?"

"Ba zan je ba. In na kai shi haka, maƙaryaci ne ni. In na yage shafukan, sun fi zargina. Ki kwanta, Sa'a."

Da asuba bayan na yi salla, yana barci saboda maganin da aka ba shi, na ɗauki littafin na zauna a bakin taga. Na samo rula a jakarsa. Hannun dama ya ƙi riƙe biro, sai na naɗe yatsun da gefen mayafi har ya zauna. Na ja layi ɗaya a kan na farko, a hankali, yadda za a iya karanta na ƙasa. A gefe na rubuta Sa'a. Na koma na biyu. Da na zo kan sha ɗaya ga Yuni na tsaya na yi wa Inna addu'a, sannan na ja.

Rana ta fito kafin in gama saba'in da huɗun. Ya farka ya same ni na sa hijabi da takalmi, littafin a hannuna. Ya karɓa, ya duba da ido ɗaya, shafi bayan shafi.

"Za su tambaya wace ce Sa'a," ya ce. "Babban malamin Bature ne, ga maza cike da ofis. Ke da ko mai kanti ba kya iya yi wa magana."

"Kai za ka fassara," na ce. "Tashi, kada motar Ras al-Khaima ta tafi ta bar mu."