Zauren Malam Ashafa

Shekarar da gyaɗa ta fara daraja a Kano, bayan jirgin ƙasa ya iso, sai samarin Yakasai suka watse. Wasu suka shiga ƙauyuka saro gyaɗa, wasu suka koma dako a tasha, suna kinkimar buhuna a kantunan Turawa. Aikin da aka saba yi kowace bazara, na yashe kwatoci da yaɓe katangu kafin saukar ruwa, ba wanda ya ce a daina, amma ba wanda ya yi. Da marka ta kankama, kududdufin bayan unguwar ya cika ya tumbatsa, ruwa ya rasa hanya ya kwararo cikin gidaje. Ɗakuna da dama suka zube. Ɗaya ya rufta wa Kande mai daddawa, aka ciro ta ba rai.

Kande ƙawar 'Yardada ce tun suna 'yan mata. Ita 'Yardada tsohuwa ce mai dillancin zare da kayan mata, ba gidan da ba ta shiga a unguwar, har ƙuryar ɗaki. Ba a ga ta yi wani kuka mai yawa ba a wurin zaman makoki. Sai dai tun daga lokacin, duk gidan da ta shiga idonta na kan bango. Ana yi mata zancen zare, ita tana duban tsagar da ta taso daga gindin katanga, ko azarar da gara ta cinye.

Da bazara ta zagayo, ta sami Ilu magini a ƙofar gidansa yana gyara ƙotar magirbi.

"Ilu, kai ka san gini, amma ba ka shiga cikin gidan mutane. Ni ina shiga, amma ban iya gini ba. In na gaya maka inda ya lalace, za ka duba?"

"Zan duba, Iya. Amma hannu biyu gare ni. Su wa za su kwaɓa ƙasar?"

"Na ji an ce kantunan Turawa ba sa buɗewa ran Lahadi. To 'yan dakon nan me suke yi ran nan in ban da barci?"

Ilu ya yi dariya, ya ajiye magirbin. Tare suka je wurin mai unguwa, ya amince a kira gayya. Lahadin farko mutane kaɗan ne suka fito, suna ta hamma. 'Yardada ta bi gida gida ta roƙi mata, wannan ta ba da gero, waccan tsamiya, aka dama kunu tukunya guda aka kai bakin aiki. Lahadi ta gaba sai ga mutane sun ninka. Aka yashe babbar kwatar da ke fitar da ruwa daga kududdufin, aka kwashe juji da ƙasar tsofaffin katangu da suka toshe ta. Marinan Ƙofar Mata suka ba da katsi, tokar nan da ake kwashewa daga ƙasan rijiyar rini, Ilu ya haɗa shi ya riƙa shafe saman soraye don kada ruwa ya ratsa.

'Yardada ba ta tsaya nan ba. Ta ce gyara daban, gudu daban. Aka kafa turke a bakin kududdufin, aka yi da Ɗantani mai kalangu, wanda gidansa ke kallon wurin, cewa in ruwa ya shanye turken ya fito ya yi ta kiɗa. Kowane tsoho da makaho da mai jego aka san maƙwabcin da zai fito da shi. Abu ɗaya ya rage: ina za a nufa?

Ba inda ya kai gidan Malam Ashafa tudu a unguwar, ba kuma zauren da ya kai nasa faɗi. Mahaifinsa babban falke ne, abokin cinikin Larabawa, mai aika fatu da gashin jimina ta hamada. A zauren nan ake sauke kayan raƙuma a da. Tun da fatauci ya koma bin jirgi, raƙuma suka daina zuwa, arziki ya janye a hankali. Malam Ashafa ya rage da babban gida da riga ɗaya ta fita, wadda matarsa Luba ke wankewa ta buga masa duk Juma'a. Luba ce ta ja hannun 'Yardada wata rana, ta nuna mata inda rufin zauren ya lotsa.

Ilu ya je ya yi masa tayin gayya. Malam Ashafa ya saurare shi har ya gama, ya yi godiya, ya ce ai ya riga ya yi magana da wani magini daga unguwar Sheshe, yana nan tafe. Kowa ya san ba wani magini.

'Yardada ta bari kwana biyu suka wuce, sannan ta je da hantsi. Ita ta goyi Malam Ashafa yana jariri, don haka ba ta jin nauyinsa kamar sauran mutane, shi kuma Yaya yake ce mata. Ta same shi zaune kan buzu a zauren, ta zauna daga bakin ƙofa, suka gaisa.

"Yaya, in zancen Ilu ne ya kawo ki, na ba shi amsa. Gidan nan bai taɓa cin sadaka ba."

"Ni roƙo na zo yi, Malam. Aron zaurenka muke so."

Ya ɗago kai ya dube ta.

"In ruwa ya zo irin na bara, mutanen bakin kududdufi ba su da wurin fakewa. Na duba ko'ina, nan ne kaɗai zai ɗauke su. In ka hana, shi ke nan, sai mu nemi wani wurin."

"Wa ya ce zan hana? Zauren da ya sauki baƙi daga Gadamas ne zai ƙi maƙwabta?"

"To madalla. Amma ba zan tara tsofaffi da jarirai a ƙarƙashin wannan rufin ba." Ta nuna sama da sandarta. "Ka bar mu mu gyara wa kanmu wurin kwana."

Malam Ashafa ya ja carbinsa. Ya gane abin da ta yi, ita ma ta san ya gane. Can ya ce, "Akwai azara a bayan gida, tun ta marigayi mahaifina, ba a taɓa amfani da ita ba. Ku ɗauka. Abin da ya ragu a kai gidajen da ke bukata."

Ranar da aka zo aikin, ya tuɓe rigar ya ba Luba, ya ɗaura bante a kan wando, ya shiga layin masu miƙa ƙasa. Aka riƙa miƙa masa ƙasa kamar kowa.

Ruwan ya zo ne wata Talata bayan azahar, a tsakiyar marka. Tun safe ake yayyafi, sai kuma sama ta ɓalle. 'Yardada na wani gida tana warware zare ta jiyo kalangun Ɗantani, sama-sama cikin ƙarar ruwa. Ta ɗora faifai a ka ta fito. Lungu ya zama rafi, amma ruwan tafiya yake yi, yana bin kwata, bai tsaya ba. Ta ga Isyaku ɗan dako goye da makahon da aka ba shi, ta ga mata da jarirai a ƙarƙashin tabarmi, kowa ya nufi tudu ba gudu ba ihu.

Malam Ashafa na tsaye a ƙofar zaure yana karɓar mutane, maza nan, mata su wuce ciki wurin Luba. An hura wuta a kasko. 'Yardada ta tsaya tana duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya, tana kiran sunayen gidaje a ranta, har ta tabbata ba wanda aka bari. Sannan ta zauna.

Kafin magariba ruwan ya tsagaita. Ilu ya zagaya unguwar ya dawo jiƙe sharkaf. Ya ce kududdufin ya haura, ya shiga gidajen bakinsa, katangu sun faɗi nan da can, akuya ɗaya ta mutu. Ba a rasa rai ba. Aka yi ta hamdala. Sai ya matso kusa da 'Yardada ya rage murya.

"Iya, ɗakinki ya zauna. Sau nawa ina cewa a yi naki, kina cewa a bari sai an gama na wasu?"

'Yardada ta tuna tukwanenta, da tasoshin da uwarta ta bar mata jere a bango. Abin ya sosa mata rai fiye da yadda ta zata.

"To ai ba na ciki," ta ce daga baya.

Malam Ashafa ya ji su. Ya ce ɗakin mahaifiyarsa na nan a rufe, a share wa 'Yardada. Ta ce ita ba ta saba kwana a gidan mutane ba.

"Aro ne, Yaya," in ji shi. "In kaka ta yi, ƙasa ta bushe, mu gina miki naki."

A nan ta ƙarasa daminar. Washegarin ruwan da sassafe aka tono mata tasoshi uku daga cikin laka, ɗaya ta lanƙwashe. Ta zauna a tsakar gida tana goge su da toka, Luba na gefenta tana tankaɗe, suna gardamar ko gero nawa zai ishi mutanen da suka kwana.