Wasa a Sitiyari

Sitiyarin ya juya, motar ta ƙi bin sa.

Anti Mota ta sake murɗa shi hagu da iya ƙarfinta, ya tafi sakayau a hannunta kamar murfin tukunya. Shataletalen ya wuce ta gefe. Katangar wani kantin fenti ta taso mata gadan-gadan.

"Ku riƙe kujera! Ku riƙe!"

Ta danne birki har ƙasa. Tayar gaba ta hau bakin kwalbati, motar ta yi tsalle, ta daki katanga da kafaɗar dama, ta mutu. Wata gorar ruwa ta gangaro daga baya ta tsaya a ƙarƙashin ƙafarta.

Shiru. Shirun nan ya fi ƙarar karon tsorata ta. Sai can 'yan biyu suka fashe da kuka tare, sauran suka kama.

Yara bakwai ne a motar, duk na mutane. Ita ke kai su makaranta da safe ta ɗauko su da rana, tun da aka rufe kamfanin da take aiki ta zuba kuɗin sallamarta a wannan tsohuwar mota. Yaran ne suka sa mata Anti Mota, har iyayensu suka manta sunanta. Ta fito da su ɗaya bayan ɗaya, tana shafa kai, tana lanƙwasa hannu, tana cewa, "Buɗe baki in gani." Babu jini. Ƙaramarsu ta ciji leɓe, shi ke nan. Ta tare tasi biyu ta raka su har ƙofar aji, don makon jarrabawa ne, sannan ta dawo ta ba mai kantin fenti haƙuri. Daga nan ta kira makanikenta, Dogo.

Kafin azahar an jawo motar zuwa garejin Dogo. Ya shiga rami da fitila a baki, ya ce ta juya sitiyarin. Ta juya. Wani abu ya yi gurr a ƙasa, tayoyin ko motsi.

Ya fito yana goge hannu da tsumma, bai kalle ta ba.

"Rak ne. Sandar nan mai haƙora da ke tura tayoyi in kin juya sitiyari. Haƙoran tsakiya sun cinye ƙarƙaf." Ya jefar da tsumman. "Amma Hajiya, tsakani da Allah, me ya sa kika hau titi da ita? Da yaran mutane?"

"Ni kake tambaya? Ba ranar Asabar na kawo maka ita ba? Ban ce maka ina jin ƙwas-ƙwas a gaba ba?"

"Kin faɗa. Na duba. Na kira ki."

"Ka kira ka ce abin wasa ne!"

"Ni?"

"Kai! Ina wanka, Innata ta ɗauki wayar. Na fito ta ce mai gyara ya ce ki kwantar da hankalinki, abin wasa ne. Shi ya sa na zo ranar Lahadi na karɓi makulli wurin maigadinku."

Dogo ya nemi wata tsohuwar taya ya zauna.

"Innalillahi," in ji shi a hankali. "Cewa na yi, a gaya mata wasa ne a sitiyari. Wasa mai yawa ma na ce."

"To ai shi ne."

"Ba shi ba ne, Hajiya. Zo ki gani."

Ya kai ta wurin wata motar da ke gefe, ya zura hannu ta taga ya taɓa sitiyarin. Taya ta motsa nan take.

"Wannan ba ta da wasa. In kin juya sitiyari ya yi tafiya kafin taya ta amsa, wannan tazarar ita muke kira wasa. Taki ta kai tafin hannu. A wurinmu in an ce akwai wasa, to babu wasa."

Ba ta yi dariya ba. Shi ma bai yi ba.

Ta tuna fuskar Inna a daren Asabar, tana tsaye a ƙofar banɗaki da wayar a hannu biyu kamar ta riƙo kwanon miya, tana murna ita ce ta kawo labari mai daɗi. Tsohuwar da ba ta taɓa zama a kujerar gaba ba. Har cewa ta yi, "Yaron nan akwai ladabi, sai da ya tambayi ƙafata."

"Da ka sake kira," in ji Anti Mota.

"Da na sake kira," in ji Dogo. Bai kare kansa ba.

"Nawa ne?"

Ya faɗi kuɗin sabo. Ta ji kamar an sake dukan katangar. Abin da iyayen yaran bakwai ke ba ta ne a wata uku, ko mai ba ta cire ba.

"Na hannu fa?"

"Rabin haka, in an dace. Sai na aika an nemo, ba zai iso ba sai ƙarshen mako. Ga kuɗin aiki, ga saitin tayoyi, don dole a yi shi in an taɓa rak. Fitila da bamba ki bar su tukuna, ba su ke kashe mutum ba."

"Ƙarshen mako? Malam Dogo, jarrabawa ake yi. Kuma sun riga sun biya ni na watan nan, ya tafi a haya da maganin Inna. Mai babbar bas yana nan kullum a ƙofar makaranta yana raba wa iyaye lambarsa. In na yi fashin kwana biyu, ba ni da yaro ko ɗaya."

Dogo ya sosa ƙeya. Ya kalli ramin, ya kalle ta.

"Akwai abin da wasu ke yi," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "A kwance shi, a kai wa mai walda ya ciko haƙoran, a goge, a matse, a cika shi da giris. Kuɗin bai wuce na cika tanki ba. Kafin magariba kin tafi da motarki."

"Zai riƙe?"

"Zai riƙe."

"Har yaushe?"

"Wannan ne ban sani ba. Na ga wanda ya yi wata shida. Na ga wanda bai kai bakin titin can ba." Ya nuna da haɓa. "Kuma ba ya sallama in zai tafi. Kin dai gani yau."

Wayarta ta yi ƙara. Inna. Ta matsa bayan wata babbar mota da aka ɗora a kan duwatsu, ta ɗauka.

"Ke, shiru har yanzu? Abincinki ya huce."

"Motar ce ta ɗan ba ni matsala, Inna. Ina gareji."

"Ikon Allah. Ba shi ya ce abin wasa ba ne? Su dai masu gyaran nan, sai sun ga abin da ya rage a jakar mutum. Ba ni shi in yi masa magana."

"Bar shi, Inna. Wani abu ne daban ya lalace."

"To. Yaran dai lafiya?"

"Lafiya lau."

"Alhamdulillahi. Ki gaishe shi duk da haka."

Ta kashe wayar ta jingina goshi da ƙarfen motar. Yana da zafi, ba ta ɗaga ba. Kuɗin cika tanki suna cikin jakarta yanzu haka. Gobe da sassafe ta yi hon a ƙofar gida shida, a turo mata yara da jakunkuna, iyaye su ɗaga mata hannu su koma ciki. Babu wanda zai leƙa ƙarƙashin mota. Ita kaɗai za ta san abin da ke hannunta a kowace kwana.

Ta dawo ta same shi ya riga ya ɗauko sifana.

"Ajiye," ta ce. "Aika a nemo na hannun."

"Kuɗin fa?"

"Ban sani ba tukuna. Ka dai aika."

Ta zauna a kan benci ta fara kiran iyaye. Ba ta ce taya ce ta fashe ba. Ta ce sitiyari ne ya ƙwace, ta ce an daki katanga, ta ce babu mota sai mako mai zuwa. Ta farko ta yi salati ta ce Allah ya kiyaye gaba. Ta biyu ta ce, "Kuɗina na sauran kwanakin fa?" Ta uku ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce cikin sanyin murya, "Ba komai, Anti. Dama maigidan ya karɓi lambar mai bas." Uwar 'yan biyu ba ta ɗauka ba. Ta sake kira, aka katse.

Tana neman lamba ta gaba wata baƙar mota da ta ɗan tsaya wurin maigadi ta shigo garejin ba tare da rage gudu ba, ta tsaya dab da ramin. Wani mutum ya fito, cikin kaya farare tas, bai damu da baƙin man da ya taka ba. Ba ta taɓa ganinsa ba. Ya zagaya motarta sau ɗaya, ya tsaya a kan fasasshiyar fitilar, ya leƙa kujerun baya.

"Ke ce mai ɗaukar yara?"

Ta miƙe. "Ni ce, ranka ya daɗe."

"Ni ne uban 'yan biyu." Ya juya ga Dogo kamar ya gama da ita. "Maigadinku ya ce motar nan ta kwana a nan ranar Asabar. Ka duba ta?"

"Na duba."

"Ka ga matsalar?"

Dogo ya ce, "Na gani."

"Madalla." Mutumin ya ciro waya, ya danna wurin ɗaukar murya, ya riƙe ta a tsakaninsu. "To faɗa a nan, da ƙarfi. Wa ka gaya wa?"

Dogo ya kalli Anti Mota.