Mutumin da Ke Cikin Hoton

"Kawu, ɗaga goyon sama kaɗan. Yawwa. Kada ka kalli rana, ni za ka kalla."

Malam Mudi ya tsaya a tsakiyar gonarsa da ke bayan Gozaki, riƙe da goyon masara biyu, gumi yana bin wuyan tsohuwar taguwarsa. Kaka ce, karare sun bushe, duk iskar da ta gifta sai sun yi ƙara. Awaisu ya durƙusa cikin kunya yana karkata waya. Ɗan ƙanwarsa Adawiyya ne, kuma a hannunsa ya tashi tun yana shekara bakwai, bayan rasuwar mahaifinsa. Yanzu ya zama saurayi mai shago a Funtua, inda yake haɗa katin biki da fostar 'yan takara da wayarsa kawai.

Da ya gama ɗauka sai ya matso da dattijon inuwar ɗorawa, ya buɗe wata manhaja. Ya ja yatsa sau ɗaya, sararin sama ya yi shuɗi kamar an wanke shi. Ya sake ja, facin da ke kafaɗar taguwar ya ɓace.

"Ikon Allah! To ina facin ya tafi?"

"Na goge shi, Kawu."

Malam Mudi ya yi dariya har da tari. "Da haka ake goge talauci, ai da mun huta."

"Don tarihi na ɗauka," in ji Awaisu yana mayar da wayar aljihu. "Wata rana jikoki su ga kakansu a gona."

Maganar ta yi wa dattijon daɗi. Da yamma ya sa aka cika wa yaron buhu da sabuwar masara, aka ɗaure masa a bayan babur.

* * *

Wata shida bayan nan, zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa daga gabas, kowa yana neman iri da taki. Malam Mudi ya je kasuwar Bakori kai garma wajen maƙeri. Tun daga bakin tasha mutane suke yi masa wata irin gaisuwa.

"Malam, ashe haka kake ɓoye mana sirri?"

Bai gane ba sai da ya kai layin masu iri. A can aka rataya wani babban ƙyalle tsakanin sanduna biyu, kuma shi ne a jiki. Gonar bayansa ta koma kore shar, masara ta wuce kansa. Goyon da ke hannunsa ya kai tsawon damtse, ƙwayoyinsa reras kamar an jera su da hannu. Kusa da ƙafarsa an ajiye wani buhu mai jan rubutu wanda bai taɓa gani ba. Ya karanta a hankali, da ɗan bokon da ya samu a ajin yaƙi da jahilci: Irin Cika-Rumbu. Shi nake shukawa shekara uku. Malam Mudi Gozaki.

Shekara arba'in yana noma, bai taɓa sayen iri ba. Daga rumbunsa yake zaɓen manyan goyo, ya rataye su a madafa hayaƙi yana tsare su. Duk yankin an san shi da abu biyu: gonarsa ba ta kunyata shi, kuma bakinsa ba ya faɗin abin da bai gani ba.

Ya koma gefe ya kira Awaisu a waya.

"Kawu, talla ce kawai, wallahi talla ce," muryar ta zo a gaggauce. "Irin mai kyau ne, an gwada shi. Wani Alhaji ne ya ba ni aikin, ya ce fuskar da manoma suka yarda da ita yake so. Don Allah kada ka ce komai. In ka ƙaryata, kulle ni zai sa a yi, ga bikina saura wata biyu. Ka dubi Inna."

Malam Mudi ya sauke wayar daga kunne bayan an kashe. Ya tuna Adawiyya, wadda ba ta da wani ɗa namiji sai wannan. Ya ce a ransa, wataƙila irin yana da kyau ɗin, ai ba kowane sabon abu ne mugu ba.

Yana juyowa ya ci karo da Maitama, amininsa tun suna kiwon awaki, rungume da ƙananan buhuna uku masu jan rubutu.

"Tumaki biyu na sayar," Maitama ya faɗa yana washe baki. "Bana duk gonar zan shuka shi. Mudi, tsakani da Allah, yana yi kuwa?"

Dattijon ya dubi buhunan, ya dubi ƙasa.

"An ce yana yi," ya amsa.

* * *

Ruwa ya sauka a kan kari, bai yi wasa ba. Gonar Malam Mudi ta tashi kamar kullum. Amma gonakin da aka shuka Cika-Rumbu sai suka fito da giɓi, nan tsiro uku, can fili fetal. Abin da ya tsira ma ya yi rawaya, ya tsaya iya gwiwa, taki bai motsa shi ba. Kafin mutane su haƙura su yarda irin ne, lokacin sake shuka ya wuce.

Wata ranar Laraba da hantsi, Malam Mudi yana gyaran ƙotar fartanya a ƙofar gida, Maitama ya iso ba sallama. Ya dire wani kwano a gabansa. Ragowar irin ne ya jiƙa. Ruwan ya yi ja kamar an yanka kaza a ciki, ƙwayoyin kuma sun wanku fes, suka bayyana yadda suke: tsohuwar masarar kasuwa, rabi duk ƙwari sun huda.

"Rini ne," in ji Maitama. Bai ɗaga murya ba. "Ni ban san kamfani ba, ban san wani Alhaji ba. Fuskarka na gani na saya. Na tsaya na tambaye ka da bakina."

"Maitama, ban taɓa shuka shi ba. Hoton haɗa shi aka yi."

"To me ya hana ka faɗa mini a Bakori?"

Malam Mudi ya ajiye fartanyar, ya dubi kwanon.

"Mutum goma sha huɗu nake ciyarwa," Maitama ya ce, ya juya ya tafi, ya bar kwanon a nan.

Kwana uku bayan haka Awaisu ya zo, idanu jawur. Ya zube a tsakar gida ya kama ƙafar kawunsa, ya rantse shi ma yaudararsa aka yi, Alhajin ya rufe shago ya daina ɗaukar waya.

"Amma akwai hanya, Kawu. Hukuma tana karɓar ƙara in akwai shaida. Ka tara mini waɗanda abin ya shafa, su tsaya cikin gonar da ta lalace in ɗauke su. Ni da kaina zan kai Katsina. In ba a biya su diyya ba, ka tsine mini."

Malam Mudi ya dubi ƙeyar yaron da ya sha yi wa aski da hannunsa. Ya yarda, don yana bukatar ya yarda. Ya bi gida-gida yana roƙo. Wasu suka ƙi fitowa, wani ya ce masa ya ji kunyar furfurarsa. Da ƙyar ya haɗa mutum goma sha ɗaya. Cikinsu Maitama ne ya zo daga ƙarshe, don a gonarsa za a yi, ya tsaya a can bakin layi. Suka jeru cikin rawayar masara, fuskoki a murtuke, Malam Mudi a tsakiya. Awaisu ya ɗauka sau biyar, ya hau babur.

Daga ranar lambarsa ba ta sake shiga ba. An fasa bikin. Da Malam Mudi ya je Funtua, ya tarar wani mai sayar da cajar waya ne a shagon. Adawiyya ta ce masa, "Yaya, ya ce ya sami aiki a wani gari," tana faɗa tana kallon tsintsiyar da ke hannunta.

Kakar ta zo wa Gozaki da sanyin jiki. Malam Mudi ya buɗe rumbu ya aika wa gidajen da abin ya shafa da abin da ya iya. Wasu suka karɓa ba godiya. Na Maitama aka dawo da shi a ɗaure yadda ya tafi. Kafin sanyi ya wuce, 'ya'yan Maitama biyu sun tafi leburanci Abuja.

* * *

Da bazara ta zagayo, wani ɗan acaɓa da ya sauke fasinja a Gozaki ya tsaya yana kallon Malam Mudi.

"Baba, kamar kai na gani a Maska, jikin ƙyallen masu iri."

Ranar kasuwar Maska dattijon ya hau babur. Tun daga nesa ya hango taron, da lasifika tana kirari. Sunan irin ya canza, buhunan yanzu kore ne. A jikin ƙyallen, mutum goma sha biyu ne tsaye cikin masara mai duhun ganye wadda ta rufe kafaɗunsu. Kowa yana murmushi. Har Maitama, a can bakin layi, an buɗe masa baki yana dariya. A ƙasa an rubuta: Manoman Gozaki sun shaida.

Malam Mudi ya kutsa cikin mutane har gaban teburin. Muryarsa ta fito da ƙarfin da bai san yana da shi ba.

"Jama'a, kada ku saya! Rini ne! Wannan gonar ba ta ba da ko kwando ɗaya ba. Ni ne wannan na tsakiya, ni na tara su!"

Mutane suka ɗaga kai suka dubi ƙyallen, suka sauke suka dube shi. Na cikin hoton mutum ne mai cikar kumatu da hasken fata, haƙoransa cif, rigarsa fara sol. Wanda ke gabansu tsoho ne baƙi, ramamme, da giɓi a baki da ƙurar hanya a gemu.

Mai sayarwar, wanda Malam Mudi bai taɓa gani ba, ya yi murmushi. "Baba, in sadaka kake so ka faɗa, ba sai ka ɓata mana kasuwa ba."

Wani ya tuntsire da dariya, wasu suka taya shi. Wani magidanci mai hular saƙa ya dafa kafaɗarsa cikin ladabi.

"Haba Baba, ina kai ina wancan? Matsa mini kaɗan, don Allah."

Malam Mudi ya matsa. Magidancin ya ɗauki buhu biyu ya ɗora a kai, na bayansa ya matso gaba.