Sauti Takwas na Maman Gitau

"Mama, wannan gawa ce ko kaya?" in ji kwandastan matatu, motar hayar Nairobi, yana kallon baƙin akwatin da Nyokabi ke kokawar turawa ta ƙofa.

"Kakarka ce. Matsa mini in wuce."

Shekara talatin da ɗaya tana shan wannan ba'ar, kuma har yau ba a haifi kwandasta a Nairobi da ya ƙago sabuwa ba. Ta kama kujera biyu, ɗaya tata, ɗaya ta celo, babban gogen nan na Turawa da ake jinginawa a ƙirji a kaɗa a zaune. Mota ta ɗauki hanyar Limuru, gajimare ya sauko har kan kwalta. Ta cusa hannun hagu a hammata don ya ji ɗumi.

Hannun ne damuwarta. Sanyin ƙashi ya kama mata yatsu biyu tun bara. Asabar da ta wuce, a wani biki a Karen, yatsa ɗaya ya ƙage ana tsakiyar kiɗa, sautin ya fito kamar kukan ƙyaure. Mutiso, shugaban ƙungiyarsu ta mutum huɗu, bai yi mata faɗa ba. Da ma faɗan ya yi! Sai da Litinin ta zo ya kira ta a waya yana ta kame-kame: "Maman Gitau, ba wai wani abu ba ne, akwai dai wata yarinya mai celo da ta gama jami'a. Mu ga yadda Asabar za ta kasance." To, ga Asabar ɗin ta zo. In yatsan ya sake kunyata ta yau, kujerarta ta tafi, ita kuwa ba ta san wata sana'a ba.

Wurin bikin wani lambu ne a Tigoni, gonakin shayi sun kewaye shi. An jera fararen kujeru, an shimfiɗa jar darduma doguwa tun daga bakin tanti har inda fasto zai tsaya. Nyokabi ta auna tsawonta da ido, ta yi tsaki.

"Anti, kin gani ko?" in ji Kerubo, mai ƙaramin goge, tana miƙo mata shayi da mandazi, fanken ƙasar. "Amarya ta zaɓi masoyinki."

"Allah ya raba ni da shi."

Ba sai an faɗa ba, kiɗan nan ne da kowace amarya ke so a shigo da ita. Cikin biki goma, tara shi suke nema. Ba su ma san sunansa ba, sai su kira Mutiso su rera masa a waya, su ce, "Wannan ɗin nan na fim."

"Ni fa ina son sa," in ji Kerubo. "Yana shiga jiki."

"Dole ki so shi, ke da kike yawo sama da ƙasa kina shan tafi. Wani Bajamushe mai kiɗan coci ne ya rubuta shi, shekara ɗari uku da ɗoriya. Ya mutu, aka manta da takardar a ɗakin ajiye littattafai, duniya ta zauna lafiya. Sai wani mai shisshigi ya je ya tono ta. Ku ya ba ku ado iri-iri, ni ya ba ni sauti takwas. Takwas! In gama in koma farko, in gama in koma farko. Ina jin mai celo ne ya taɓa ƙwace masa budurwa."

Kerubo ta ƙyalƙyale da dariya har shayi ya sarƙe ta. Mutiso dai bai yi dariya ba, hannun Nyokabi yake kallo, yadda ta rungume kofin da shi.

Chebet, mai tsara bikin, ta iso da waya manne a kunne. "Ku saurara. Minti huɗu ne, kada ya wuce. Uban amarya, Mzee Wekesa, ɓarin jikinsa ya shanye, a keke za a turo shi kusa da ita. Kun gane?"

Nyokabi ta ji sanyi a ranta. Minti huɗu kam, yatsan zai iya.

Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida: ba a yanke kiɗa sai amarya ta isa gaban fasto. In ta isa, shugaba ya ɗaga kan gogensa, a rufe tare. Sauran ukun idonsu na kan takarda, don nasu da yawa. Mai celo kuwa me za ta karanta a sauti takwas? Saboda haka ita ke kallon ƙafar amarya, ta daidaita saurin kiɗan da takunta, sauran su bi ta. Wata tsohuwar sistar coci ce ta koya wa Nyokabi haka a makarantar 'yan mata, da rula a hannu. Ta ga ƙafafu iri-iri tun daga lokacin: masu rawar tsoro, masu gudu kamar ana bin su, da waɗanda takalmin aro ya matse.

Chebet ta ɗaga hannu. Nyokabi ta ja izga a kan tsirkiya, ita kaɗai, don haka kiɗan yake farawa. Sauti takwas suka fita lafiya. Mutiso ya shigo, Kerubo ta biyo shi, sannan ta huɗunsu. Jama'a suka miƙe, wayoyi suka tashi sama.

Amarya ta fito bakin tanti, keken mahaifinta a gefenta. Da suka iso bakin darduma sai tsohon ya kama tayar keken da hannunsa mai lafiya, ya tsayar da shi. Mai turawa ya sunkuyo, tsohon ya ture shi. Ya dafa hannun 'yarsa, ya yunƙura, ya koma, ya sake yunƙurawa. Ya miƙe tsaye.

"Wayyo, ba mu yi haka da shi ba," Chebet ta faɗa cikin wayarta.

Nyokabi ta duba ƙafafun. Takalmi baƙi, an goge shi har yana sheƙi. Ta dama ta ɗaga ta sauka. Ta hagu ta biyo tana jan ƙasa, tana tattara dardumar. Ranta ya ɓaci, wallahi ya ɓaci. Yau, duk ranakun duniya, tsohon nan ya ga damar yin jarumtaka! Amma hannunta ya riga ya rage sauri tun kafin ta gama fushin. Sauti ɗaya, taku ɗaya.

Mutiso ya harare ta ta saman takarda. Ba ta kula shi ba, dole suka bi ta.

Kiɗan ya ƙare ba su kai kashi ɗaya cikin uku na dardumar ba, aka koma farko. A zagaye na biyu yatsan tsakiya ya ƙage. Zafi ya taso daga gaɓa har gwiwar hannu. Cikin sautuka takwas ɗin, uku ba sa buƙatar a danna tsirkiya, a nan take buɗe hannun ta ja numfashi. Sauran biyar ɗin kuwa da manuni kaɗai ta riƙa bin su, tana jan sa sama da ƙasa, abin da sista za ta fasa mata yatsu da rula a kai. Gumi ya jiƙa mata wuya duk da sanyin Tigoni.

A tsakiyar darduma tsohon ya tsaya cak. Gwiwarsa na rawa. Wata mata ta ce a kawo keke, mai turawa ya taho. Mutiso ya ga abin ya isa, ya ɗaga kan gogensa don a rufe, a rufa wa dattijo asiri. Su ukun suka sauke kiɗan a hankali suka yi shiru.

Nan ne mafitarta. Shugaba ne ya rufe, ba wanda zai ce yatsanta ne ya gaza. Amma ita ba ta ga alamar gajiya kaɗai a ƙafafun nan ba. Ta ga ƙafar dama ta ɗan ɗaga dunduniya tana jira, ta ga leɓen tsohon na motsi. Ƙirga yake yi.

Ta ci gaba ita kaɗai.

"Maman Gitau!" Mutiso ya faɗa ta gefen baki.

"Rufe mini baki ka ɗauki gogenka."

Sauti na farko, ƙafar dama ta sauka. Na biyu, ta hagu ta jawo. Mai keke ya tsaya inda yake. Lambun ya yi tsit, ba ka jin komai sai gurnanin celo da shessheƙar amarya. Kerubo ce ta fara dawowa, hawaye na sauka a kan gogenta, sannan Mutiso. Sau nawa aka zagaya, Nyokabi ba ta sani ba. Ta dai san lokacin da takalman biyu suka jeru a gaban fasto, tsohon ya ɗora hannun 'yarsa a na ango, aka ɓarke da guɗa.

Bayan ɗaurin aure mutane suka yanyame Mutiso, suna cewa gogensa ya sa su kuka. Haka ake yi kullum, Nyokabi ba ta ko ɗaga kai ba. Tana zaune da hannu a hammata aka turo keken Mzee Wekesa gabanta.

"Ke ce mai na ƙasan nan?" Maganarsa na fita da ƙyar, ta gefe ɗaya.

"Ni ce, Mzee."

"Wata bakwai 'yata na kunna mini shi a waya, a wurin gashin ƙashi a asibiti. Ni ban taɓa jin kwalliyar nan ta sama ba, surutu ne. Naki nake bi. Takwas, a koma. Takwas, a koma. Ba ya ruɗa mutum." Ya goge baki da hankici. "Da kika ƙi tsayawa, na ce to, ni ma ba zan ji kunya ba."

"Ka kusa kashe ni, Mzee."

"Ni ma na kusa mutuwa," in ji shi, suka yi dariya su biyu.

Da aka tafi da shi Mutiso ya zo ya tsuguna kusa da ita yana sosa ƙeya. "Maganar Litinin ɗin nan, ki manta da ita. Kujerarki taki ce."

Abin da ta kwana biyar tana roƙon Allah ke nan. Ta kwantar da celo a akwatinsa, ta kai hannun hagu kan maɓallin murfin. Yatsun ba su lanƙwasu ba. Ta gwada sau biyu, maɓallin ya ƙi rufuwa. Ta daɗe tana kallon su. Ba ta ji tsoron da ta zata za ta ji ba, gajiya ce kawai, mai nauyi.

"Rufe mini, Mutiso."

Ya rufe.

"Ka kira yarinyar nan."

"Haba, Maman Gitau, bayan abin da kika yi yau?"

"Ka ce ta zo gidana ranar Laraba. A jami'a takarda suke koya musu kallo, ba wanda ya ce mata ta duba ƙafa. Sa wannan a motarka, ku zo mini da shi tare."

Ta gangara bakin titi ita kaɗai, jaka a kafaɗa. Matatu ya tsaya, ta kama kujera ɗaya. Kwandastan ya karɓi kuɗinsa bai ko dube ta ba, kuma har suka shiga Nairobi ba wanda ya yi mata ba'a.