Shinkafa Mai Danƙo

Likita ya ce hanjin 'yata ba ya karɓar alkama. Akwai wani abu a cikinta, gulutin, shi ke cin yarinyar ta ciki. Ban gane bayanin duka ba, amma na riƙe abin da ya hana: burodi, taliya, biskit, duk abin da fulawa ta taɓa. Shinkafa kuwa ya ce ta ci.

Mamana nake kiranta. Shekararta bakwai, kuma shinkafa ɗaya take so, 'yar gajerar nan mai ƙiba da ke kama jikinta in ta dahu. Takan dunƙula ta da cokali ta jera a gefen faranti, ta ce tumakinta ne.

Ni ina gareji, uwarta tana shagon wanki da guga har yamma, don haka in an tashi makaranta gidan Yayata take wucewa. Da safe nakan kai kular shinkafarta can, Yaya ta zuba mata miya.

Ciwon bai tafi ba. Gudawa, kumburin ciki, siket ɗin makaranta sai da uwarta ta rage masa ƙugu. Na fara zargin shinkafar. Abu mai danƙo haka, kamar kwaɓin fulawa, ta yaya za a ce ba komai a ciki?

Na tambayi mai shago ko tana da gulutin.

"Tana da me?" Ya leƙa ya kira maƙwabcinsa. "Zo ka ji, yanzu shinkafa ma sai an yi mata gwajin jini."

Nas ɗin asibiti ta ce, "Baba, shinkafa shinkafa ce, doguwa ko gajera. Danƙon ba gulutin ba ne. Ka duba wani wurin."

Na duba, ban ga komai ba, sai na hana shinkafar. Na sayo doguwa mai warwarewa. Mamana ta yi ta matsa ta da cokali tana ƙin haɗuwa.

"Baba, ba tumakina ba ne suke sa ni ciwo."

"Ci abincinki," na ce.

Ran nan aiki ya ƙare da wuri, na je ɗaukarta da kaina. Na tarar da Yaya a kicin tana kaɗa farin gari a ƙaramar tukunyar miyar Mamana.

"Yaya, fulawa ce wannan?"

"A'a, siminti ne."

"Likita fa ya ce..."

"Likita ne ya haife ta? Tun ranar da ka zo da zancen nan nake zuba mata. Ga ta can da ranta." Ta ɗanɗana miyar, ta ƙara gishiri. "Ku kuka mai da ita gimbiya. Ciki sabo yake so. Kai da na goya, me ban ɗura maka ba?"

"Kashe ta kike yi."

"To ɗauke ta. Ka kai ta inda za a riƙe maka kyauta."

A hanya na tambayi Mamana ko ta sani. Ta dubi takalminta.

"Gwaggo ta ce in na faɗa, Umma za ta bar aiki saboda ni, mu rasa gida."

Na tsaya shago na sayi gajerar. Mai shagon ya ce, "Sakamakon gwajin ya fito ke nan?"

Washegari bayan makaranta gareji na kawo ta. Na shimfiɗa mata kwali a kan benci, nesa da baƙin mai, na buɗe kular. Shinkafar ta kama jikinta yadda take so. Ta ɗauki cokali, ba ta dunƙula komai ba. Ta ɗan ci, ta rufe.

Maigidan gareji ya zo wucewa, ya dube ta, ya dube ni.

"Nan ba gidan raino ba ne. Yau kaɗai."

Wayata ta yi ƙara. Yaya ce.

"Yau ba a kawo gimbiya ba? Ni dai na riga na ɗora miya."